Darasi na Tara: Yadda Ake Tayar da Aikin da Ke Jira a Harshen Rust

Manufar darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

- bayyana abin da ke faruwa tun daga lokacin da aiki ya tsaya jira har a sake waiwayarsa;
- rubuta ƙaramin `Future` wanda ba ya kwana a jiran da ba shi da ƙarshe;
- gane kurakuran da suka fi kama masu koyo a wannan fage;
- faɗin dalilin da ya sa ake son a gina `Waker` ba tare da `unsafe` ba.

Me ya kawo maganar tashi?

Sabar da ke karɓar jama'a ta intanet, yawancin lokacinta a jira yake ƙarewa. Tana jiran saƙo ya iso daga wayar da sabis ɗinta ke rawa, tana jiran amsa daga rumbun bayanai, tana jiran agogo ya cika. A da, abin da ake yi shi ne a ba kowane baƙo zarensa, wato `thread`, zaren ya tsaya cik har abin da yake jira ya zo. Wannan yana da tsada. A Rust, kowane sabon zare ana keɓe masa megabait 2 idan ba a canza ba. Zare 10,000 ke nan sun keɓe kusan gigabait 20 na adireshin memori, ko da ba duka za a taɓa ba, ga kuma wahalar da babbar manhajar kwamfuta ke sha wajen sauyawa daga wannan zare zuwa wancan. Tun a 1999 Dan Kegel ya yi rubutu a kan wannan matsala ta riƙe baƙi dubu goma a saba guda, wadda aka sani da suna C10K.

Mafitar ita ce zare kaɗan su ɗauki ayyuka dubbai. Duk aikin da ya kai inda sai ya jira, sai ya kauce ya ba wani wuri. To, wa zai gaya wa zaren cewa wancan aikin da ya kauce yanzu zai iya ci gaba?

Ku ɗauka kun kai ɗinki wajen tela ana saura mako guda Sallah. Kuna iya zama a shagon har ya gama, sai dai duk sauran sabgoginku sun tsaya. Kuna iya zirga-zirga kuna leƙawa kowace awa, ku gaji a banza. Ko kuma ku bar masa lambar waya ku tafi harkarku, idan ya gama ya kira. Rust hanya ta uku ya bi, kuma `Waker` shi ne lambar da ake bari.

Rust ya kai fitowa ta 1.0 a watan Mayun 2015, amma `Future` da `Context` da `Waker` sai a fitowa ta 1.36, a Yulin 2019, suka tabbata a babban laburarensa. Kalmomin `async` da `await` sun biyo baya a 1.39, a Nuwamban wannan shekara. Abin lura shi ne harshen bai zo da mai gudanar da ayyuka nasa na kansa ba. Kowa yana zaɓar wanda ya dace da shi: Tokio a manyan sabobi, smol ga mai son abu marar nauyi, Embassy a ƙananan na'urori. Saboda haka wanda ya rubuta `Future` bai san wane mai gudanarwa ne zai ɗauke shi ba. Abin da ya haɗa su kawai shi ne yarjejeniyar `Waker`, shi ya sa dole kowane ɓangare ya kiyaye ta.

Masu hannu uku

Na farko shi ne aikin kansa, wato `Future`. Ba ya motsi don kansa. Sai an kira `poll` a kansa zai yi gaba iya gwargwado, sannan ya mayar da ɗayan amsa biyu: `Ready` idan ya gama, ko `Pending` idan da saura.

Na biyu shi ne mai gudanarwa. Yana da layin ayyukan da suka shirya, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana kiran `poll`. Duk sanda ya kira, yakan miƙa `Context`, a cikinsa kuma akwai `Waker` na wannan aiki. Aikin da ya ce `Pending`, mai gudanarwa ba zai sake waiwayarsa ba sai an tayar da shi.

Na uku shi ne mai gadi, wanda ke sa ido a kan abin da ake jira. Idan soket ne, mai gadi yana tambayar babbar manhaja ta hanyar epoll a Linux, ko kqueue a FreeBSD da macOS, ko IOCP a Windows. Tokio yana amfani da laburaren mio don wannan. Idan kuwa saƙo ake jira daga wani zare, to wannan zaren ne ke tsaye a matsayin mai gadi. Da abin ya iso, sai ya kira `wake`, aikin ya koma layi.

Daga nan ƙa'idar da duk darasin ya rataya a kanta ta fito. Duk `Future` da ya mayar da `Pending`, ya ɗauki alƙawarin cewa ya riga ya ajiye `Waker` a hannun wanda zai kira shi. Alƙawari kuwa kaya ne. Kamfaila ba ya duba wannan. Za ku iya rubuta `Pending` ba ku ajiye komai ba, manhaja ta haɗu lafiya, ta tashi lafiya, aikin kuma ya kwanta har a kashe kwamfutar.

Mai gudanarwa shi ma da nasa alƙawarin: muddin yana aiki kuma aikin bai ƙare ba, duk `wake` da aka kira za a bi shi da `poll` aƙalla sau ɗaya. Idan an kira `wake` sau biyar kafin aikin ya samu shiga, yana iya haɗe su ya yi `poll` ɗaya. Idan an kira `wake` ana tsakiyar `poll`, dole a sake yin wani bayan wannan ya ƙare.

Kuskure na farko: tashin da ya ɓata

Wannan ne ya fi wahalar ganowa, don haka za mu daɗe a kansa. A ce akwai akwati da zare B zai saka saƙo a ciki, aikin da ke kan zare A kuma yana jiransa. Mai koyo yakan rubuta haka: a duba akwatin, idan babu komai a ajiye `Waker`, a mayar da `Pending`. A ido tsari ne mai kyau. Amma ku bi shi daki-daki:

1. Aiki ya duba akwati, bai ga komai ba.
2. Kafin ya ɗaga ƙafa, zare B ya saka saƙo, ya leƙa wurin ajiye `Waker`, ya tarar babu kowa, ya wuce abinsa.
3. Aiki ya ajiye `Waker`, ya mayar da `Pending`.

Ga saƙo a akwati, ga `Waker` a ajiye, amma wanda zai kira ya riga ya zo ya tafi. Manhaja ba za ta faɗi ba, ba za ta rubuta saƙon kuskure ba, furosesa ma ba zai yi zafi ba. Baƙo ɗaya ne kawai a wani wuri zai ga shafinsa yana ta juyawa. Tazarar da ke tsakanin mataki na 1 da na 3 ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ana iya gwada manhajar sau da yawa a kwamfutar gida ba a ga komai ba, sai ranar da cunkoso ya yi yawa a saba.

Magani iri biyu ne. Na farko, a sa dubawa da ajiyewa a ƙarƙashin makulli ɗaya, yadda zare B ba zai iya kutsowa tsakaninsu ba:

```rust
struct Ciki {
    sako: Option<u32>,
    mai_jira: Option<Waker>,
}

struct Karba(Arc<Mutex<Ciki>>);

impl Future for Karba {
    type Output = u32;

    fn poll(self: Pin<&mut Self>, cx: &mut Context<'_>) -> Poll<u32> {
        let mut c = self.0.lock().unwrap();
        match c.sako.take() {
            Some(s) => Poll::Ready(s),
            None => {
                c.mai_jira = Some(cx.waker().clone());
                Poll::Pending
            }
        }
    }
}

fn aika(akwati: &Mutex<Ciki>, s: u32) {
    let w = {
        let mut c = akwati.lock().unwrap();
        c.sako = Some(s);
        c.mai_jira.take()
    };
    if let Some(w) = w {
        w.wake();
    }
}
```

Yanzu abu biyu ne kawai zai iya faruwa. Ko mai aikawa ya riga kama makulli, mai jira ya zo ya tarar da saƙo. Ko mai jira ya riga, mai aikawa ya zo ya tarar da `Waker`. Babu na uku.

Ku lura kuma da inda aka kira `wake` a cikin `aika`: bayan an saki makulli. Da gangan ne. Ba mu san abin da mai gudanarwa zai yi a cikin `wake` ba. Idan wannan `Waker` shi ne na ƙarshe da ke riƙe da aikin da aka soke, sakinsa na iya jawo a rushe aikin nan take, rushewar kuma tana iya neman wannan makullin da muke riƙe da shi. Sai zare ya tsaya jiran kansa. Ko ba a kai nan ba, tayar da aiki alhali makullin da zai nema yana hannunmu ɓata lokaci ne.

Magani na biyu ba ya buƙatar makulli, tsari yake buƙata. Mai jira ya fara ajiye `Waker`, sannan ya duba. Mai aikawa ya fara saka saƙo, sannan ya tayar. Idan saƙon ya riga dubawa zuwa, dubawar za ta gan shi. Idan ya zo bayanta, `Waker` ya riga ya zauna a wurinsa. Laburaren futures yana da `AtomicWaker` da aka gina domin wannan tsari. Ku haddace shi da kalmomi huɗu: ajiye, duba, saka, tayar.

Kuskure na biyu: tsohon Waker

Wasu sukan ce, tun da na ajiye `Waker` a `poll` na farko, me zai sa in sake a na biyu? Dalili shi ne ba lalle ne wanda ya kira jiya shi ne zai kira yau ba. `Future` na iya fara rayuwa a cikin wani aiki, a gwada shi sau ɗaya, sannan a miƙa shi ga wani aikin dabam. Idan tsohon `Waker` ne a ajiye, za a tayar da aikin da ba ruwansa, mai jiran gaskiya kuma ya ci gaba da barci. Dokar ita ce `Waker` na `poll` na baya-bayan nan shi ne mai iko. A misalinmu kowane `poll` yana maye gurbin tsohon da sabo. Wanda ke ƙyashin kuɗin yin `clone` kowane lokaci zai iya tambaya da `will_wake` ko sabon da tsohon aiki ɗaya suke tayarwa, idan haka ne ya bar na da.

Kuskure na uku: ɗaukar tashi a matsayin hujja

An tayar da aiki ba ya nufin abin da yake jira ya zo. Aiki guda na iya jiran soket da agogo a lokaci ɗaya da `Waker` iri ɗaya. Idan agogo ya buga, ɓangaren soket ma za a iya kiran `poll` a kansa. Don haka kowane `poll` sai ya duba halin da ake ciki da idonsa. Tashin banza ba ya ɓata komai sai ɗan lokaci. Rashin tashi shi ne asara. Idan kuna shakka, gara ku tayar.

Sai dai kada wannan ya kai ku ga kiran `wake_by_ref` a kowane `poll` sannan ku mayar da `Pending`. Manhajar za ta yi aiki, amma aikin zai riƙa komawa layi ba hutu, furosesa ya cika, batir ya ƙare. Ana yin haka ne kawai idan aiki mai tsawo yana son ya ɗan sarara wa wasu sannan ya ci gaba.

Ɓangaren mai gudanarwa: kiyaye memori

Duk abin da ya gabata ya shafi mai karɓar `Waker`. Yanzu sai mai ƙera shi. A ciki, `Waker` manuni biyu ne: ɗaya yana nuna bayanan aikin, ɗaya yana nuna jadawalin umarni huɗu, wato `clone`, `wake`, `wake_by_ref` da `drop`. Wanda ya gina shi ta `RawWaker` shi zai rubuta huɗun da hannunsa a cikin `unsafe`, kuma lissafin masu riƙe da aikin yana wuyansa:

- `clone` yana ƙara ɗaya a ƙidaya;
- `wake` yana tayarwa, ya rage ɗaya, domin yana cinye `Waker` ɗin;
- `wake_by_ref` yana tayarwa, ba ya taɓa ƙidaya;
- `drop` yana rage ɗaya, ba ya tayarwa.

Idan `wake` ya manta ragewa, memori zai riƙa zurarewa a hankali. Idan `wake_by_ref` ya rage, za a saki memorin tun wani yana riƙe da shi, daga baya a taɓa wurin da aka riga aka ba wani. Irin wannan ɓarna ce Rust ya zo ya hana, kuma ita ce ƙofar da masu kutse ke nema.

Akwai sharuɗɗa biyu kuma. Na ɗaya, `Waker` na iya daɗewa fiye da aikinsa. Aiki ya gama ko an soke shi, amma wani agogo can yana riƙe da `Waker` ɗinsa, bayan minti goma ya kira `wake`. Dole wannan kira ya wuce lafiya ba tare da ya yi komai ba. Na biyu, `Waker` yana da `Send` da `Sync`, ma'ana ana iya aika shi kowane zare a kira shi daga can. Mai rubuta mai gudanarwa na zare ɗaya yakan yi sha'awar sa `Rc` a ciki don ya fi `Arc` sauƙi. Amma ƙidayar `Rc` ba ta jure hannu biyu a lokaci guda. Da wani laburare ya ɗauki `Waker` ɗin zuwa zarensa, zare biyu na iya taɓa ƙidayar tare, lissafi ya rikice, a saki memori ba lokacinsa ba. A cikin `unsafe` kamfaila ba zai ce uffan ba.

Tun fitowa ta 1.51, a Maris ɗin 2021, akwai hanya mai aminci, wato `Wake`:

```rust
struct Alama {
    lamba: usize,
    layi: Arc<Mutex<VecDeque<usize>>>,
    zare: Thread,
}

impl Wake for Alama {
    fn wake(self: Arc<Self>) {
        self.layi.lock().unwrap().push_back(self.lamba);
        self.zare.unpark();
    }
}
```

Da `Waker::from(Arc::new(alama))` an gama. `Arc` ne ke riƙe da ƙidaya, kamfaila kuma zai ƙi haɗa manhajar idan aka cusa `Rc` a cikin `Alama`. Ku lura wannan `Waker` lambar aikin yake ɗauke da ita, ba aikin kansa ba. Idan aikin ya ƙare, mai gudanarwa zai nemi lambar ya rasa, ya wuce. Ku lura kuma da `unpark`: idan an kira shi kafin zaren ya kwanta da `park`, ana ajiye masa alama, `park` na gaba ya dawo nan take. Ba don haka ba, da mai gudanarwa shi ma ya faɗa cikin kuskure na farko, ya duba layi ya ga babu kowa, a saka aiki, sannan ya kwanta.

`RawWaker` bai zama tarihi ba. A ƙananan na'urorin da ba su da mai rabon memori, babu `Arc`. Embassy yana ware wa ayyukansa wuri tun lokacin haɗa manhaja, tashi kuma yakan zo ne daga katsewar da na'ura ke yi wa furosesa. A can ba a amfani da makullin da ke sa a tsaya jira, domin katsewar na iya faɗowa a daidai lokacin da wanda ta katse yake riƙe da makullin, kuma ba zai saki ba sai ta gama. Wannan aikin ƙwararru ne. Mai koyo ya tsaya ga `Wake` har sai larura ta tilasta.

Yadda ake gwadawa

Kurakuran nan ba sa fitowa a gwaji na yau da kullum, don haka akwai kayan aiki na musamman. Laburaren loom, daga masu Tokio, yana maimaita gwajinku ta jeri daban-daban da zaruruwa za su iya bi, har ya kamo wanda tashi ke ɓata a cikinsa. Miri yana bin manhaja mataki-mataki yana kama taɓa memorin da aka saki. Tun fitowa ta 1.85, a Fabrairun 2025, akwai `Waker::noop`, wanda ba ya yin komai, don kiran `poll` da hannu a gwaji. Wata dabara mai sauƙi ita ce ku gina `Waker` mai ƙidaya sau nawa aka kira shi, ku tabbatar lambar ta ƙaru bayan an aika saƙo.

Taƙaitawa

- Kada a mayar da `Pending` sai an ajiye `Waker` a hannun mai kira.
- Dubawa da ajiyewa su kasance ƙarƙashin makulli ɗaya, ko a fara ajiyewa sannan a duba.
- `Waker` na `poll` na ƙarshe ake tayarwa.
- A saki makulli kafin a kira `wake`.
- Kowane `poll` ya sake duba hali, kada ya dogara da cewa an tayar da shi.
- `Waker` ya jure kira daga kowane zare, a kowane lokaci, ko bayan aikin ya ƙare.

Tambayoyi da aikin gida

1. Da kalmominku, me ya sa kamfaila ba ya iya kama `Future` da ya mayar da `Pending` bai ajiye `Waker` ba?
2. Ku zana layi biyu, ɗaya na zare A ɗaya na zare B, ku jera matakan da ke sa tashi ya ɓata. Sannan ku sake jerawa da tsarin "ajiye, duba, saka, tayar", ku nuna cewa ko ta ina saƙon ya shigo za a gan shi.
3. A misalin `Karba`, me zai faru idan mai aikawa ya mutu bai aika komai ba? Ku ƙara wa `Ciki` abin da zai sa mai jira ya sani, ku kuma faɗi wanda ya kamata ya kira `wake` a wannan hali.
4. Me zai faru idan ayyuka biyu suna jiran akwati ɗaya alhali wurin `Waker` ɗaya ne? Ku kawo gyara.
5. Ku sauya `Arc` na `layi` a cikin `Alama` zuwa `Rc`, ku gwada gina `Waker` da shi. Ku rubuta abin da kamfaila ya ce, ku zo da shi aji mu tattauna.